Hannun Saude Cikin Ƙanƙara

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na sani, kuma ko a ajinmu akwai waɗanda suka fi ni iya tsara magana, balle a garin Batsari gaba ɗaya. Sau uku ina yage shafin farko. In kun ga na karkace ku bi ni a hankali. Abin da ya faru da Saude nake son faɗa, kuma ba wanda zai faɗe shi daidai in ba ni ba, don ni ce na riƙe ƙamus a ranar.

Saude 'yar Wagini ce. A aji huɗu ta zo makarantarmu ta 'yan mata, tana zaune a gidan gwaggonta Amariya, can bayan tasha. Siririya ce ƙwarai, idanunta da ɗan ɗorawa-ɗorawa, kuma ko ana zafin da kwalta ke narkewa ba ta rabuwa da safa. In mun yi karo-karo mun sayi fiya wata mai sanyi, ita sai ta ajiye nata a rana ya huce tukuna. 'Yan aji suka sa mata suna Tsohuwa. Ba ta damu ba. Benci ɗaya aka ba mu, ni da ita, kuma cikin sati biyu na gane na haɗu da wadda ta fi ni cin littafi. Takardar da aka ƙunso ƙosai ma sai ta warware ta karanta. Lokacin hutun tara, in kowa ya ruga wajen masu awara, ita ofishin malamai take zuwa ta roƙi a ba ta babban ƙamus ɗin makaranta, wanda bangonsa ya cire aka ɗinke da zaren buhu, ta zauna a dakali tana binsa shafi-shafi kamar mai tilawa.

A aji biyar ta faɗa mini sirrinta, muna gindin bishiyar bedi, wato darbejiya. Sikila gare ta. Yayyenta biyu da ciwon nan suka rasu. A gidansu ba a kiran sunan ciwon, sai dai a ce ƙafa ce ke damunta, saboda tana da ƙanne mata kuma mutane ba sa mantuwa. Ta ce sanyi ne babban abokin gabarta, ko ruwan sama ya taɓa ta sai ta kwana uku tana jin kamar ana daka mata ƙashi a turmi.

"Ki rantse ba za ki gaya ma kowa ba," in ji ta.

Na rantse.

"Baba ya ce duk ranar da na kwanta a Batsari, ranar boko ya ƙare. Gida zan koma inda Inna za ta riƙa ganina. Gwaggo ma ta ce ba ta iya ɗaukar alhaki." Ta ɗan yi dariya. "Amma na yi mai wayo. Na gaya mai zancen gasar Safana. Na ce in na shiga, a lasifika za a kira ni, Saude Armaya'u, duk Safana su ji. Ya ce in dai har aka kira Armaya'u a lasifika, to in ƙarasa aji shida."

Gasar nan ta Turanci ce, duk shekara ake yi tsakanin makarantun Batsari da na Safana. A ba ka kalma, ka faɗi ma'anarta, ka kawo 'yan'uwanta masu ma'ana kusa da ita, ka sa ta a jumla yadda ake amfani da ita yau da kullum. Kowace makaranta mutum uku. A bana an zaɓi Fatimatuzzahra da Sarah da Saude. Ni, Mahfuza, ni ce ta huɗu, 'yar ko-ta-kwana, in wata ta kasa in shiga. A rubuce ina kan gaba da su biyun farko nesa ba kusa ba, amma in aka ce in miƙe in yi magana sai murya ta riƙa rawa kamar ta akuyar da aka shaƙe. Ina son kujerar nan. Gara in faɗa tun yanzu.

Mai koyar da mu shi ne Malam Sharhabilu. Gajere ne, rigarsa kullum a goge, ko awaki suka shigo aji da Turanci yake korarsu. Bai taɓa riƙe bulala ba, kuma yana alfahari da haka. Shi hanyarsa daban ce. Ya ce kalma ba ta zama a kan mutum sai ta taɓa jikinsa. Ranar da zai koya mana kalmar ɗaci, shuwaka ya kawo kowa ya tauna. Ranar ta yaji, barkono. Ranar ta kaushi ya sa muka goga kumatu a jikin bulo. Muna dariya, muna tsoro, kuma gaskiya ba mu manta kalmomin ba. Iyaye ma suna yabonsa, suna cewa ga malamin da ba ya duka.

Gasar ranar Asabar ce. Ranar Talata, ana tsakiyar bazara, rana kamar ta faɗo, sai ga shi ya shigo makaranta da kula ɗaure a bayan mashin. Wajen wata Hajiya mai firizar sola ya sayo ƙanƙara, manya-manyan dunƙule huɗu. Bayan tara ya sa aka kawo baho, ya zuba ruwa, ya fasa ƙanƙarar da dutse ya juye. Aji ya ɗauki ihu. A zafin nan kowa so take a ce ita za ta sa hannu.

Ya rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe: FREEZING.

"Wannan ba sanyin randa ba ne," in ji shi, yau da Hausa, don kowa ta ji. "Ba na firji ba ne. Sanyin da ke mai da ruwa dutse ne. Ku da kuka tashi a Batsari ba ku san shi ba, kuna dai haddace shi kamar aku. Yau za ku san shi. 'Yan Safana uku, ku fito. Kowacce ta nutsa hannu biyu har wuyan hannu. Ma'ana, 'yan'uwa uku, jumla biyu. Wadda ta cire hannu kafin ta gama, ta ba Mahfuza kujera. Kuma ba a maimaita kalmar da wata ta riga ta faɗa."

Na juya na kalli Saude. Fuskarta ba ta canza ba, sai leɓenta na ƙasa da ta ciza. Tana miƙewa ta sunkuyo kamar za ta gyara safa.

"Kin rantse," ta ce a hankali.

"Saude, ki ce kina da yanka a hannu."

"Ya ce in nuna. Ki yi shiru kawai."

Na yi shiru. Kuma wani abu a cikina ya ji daɗi da ita ce ta ce in yi shirun.

Malam ya miƙo mini babban ƙamus. "Ke ce alƙali. Duk kalmar da na yi shakka, ki duba."

Bisa jerin haruffa ya bi, don haka Fatimatuzzahra ce farko. Tana sa hannu ta ƙwalla ƙara, "Wayyo Allah Malam, zan mutu ban yi aure ba!" Aji ya fashe da dariya, shi ma ya murmusa. Ta zazzago ma'anar da gudu, ta kwashe kalmomi uku mafi sauƙi, waɗanda ko 'yar aji ɗaya ta sani, ta yi jumlolinta ta fizge hannu tana tsalle tana hura su. Sarah ta zo. Ita 'yar wajen Karare ce, hannunta ya saba da fartanya, ko gezau ba ta yi ba. "Wannan ne sanyin? Ku zo rafinmu da asuba ku gani." Ta ɗan yi tunani kafin ta samo nata ukun, don masu sauƙin sun tafi, amma ta samo.

Saura Saude. Kalmomi shida sun riga sun fita, sai na can ƙasan tukunya.

Ta naɗe hannun riga. Hannuwanta kamar sillen kara. Ta nutsa su, ta rufe ido sau ɗaya ta buɗe.

"Fara da kiran kalmar," in ji Malam.

Ta kira. Harshen Wagini ya riga ta, ya fito kamar "hurizin".

"Me? Fura za ki dama mana?" Aji ya kwashe. "Haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Sake."

Ta sake. Ya ce ta sake. Sau biyar. Wata daga baya ta ce, "Tsohuwa ba haƙora!" Aka ƙara kwashewa. A na shida ya ɗaga kafaɗa ya ce ta wuce. Ta faɗi ma'anar, tsaf, har da cewa ana faɗinta ga yanayi, ana faɗinta ga mutum in sanyi ya kama shi, ana faɗinta ga abinci in an sa shi ya daskare don kada ya lalace. Ba wadda ta kawo haka a cikin biyun farko. Malam ya gyaɗa kai.

"'Yan'uwa uku."

"Frigid."

"Ɗaya."

"Glacial."

"Biyu. Da kyau."

Ina kallon wuyan hannunta, inda ruwan ya tsaya. Fatar ta yi toka-toka.

"Gelid."

Malam ya karkata kai. "Me?"

Ta maimaita, ta jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara goma sha huɗu ina koyar da Turanci ban taɓa jin wannan ba. A Wagini ake yin ta? Ko sunan wani ɗan Fulani ne?" Dariya. "Kada ki cire hannu. Mahfuza, duba mana."

Na buɗe ƙamus. Yatsuna sun san hanya, ba na ɓata lokaci a ƙamus, kowa ya sani. Amma ranar na fara daga nesa. Na juya shafi, na juya wani. Aji ya yi tsit, sai ƙarar ƙanƙara tana bugun gefen baho, don hannun Saude ya fara rawa. Na iso shafin. Tana nan. Can ƙasa, gefen hagu, layi biyu kacal, ƙarama kamar ƙwayar gero. Na gan ta da idona. Na ɗora babban yatsa a kanta.

Ban san me na zata ba. Ina jin na zata za ta cire hannu, ta ce ta gaji, shi ke nan, ba wanda ya ji ciwo, ni in tafi Safana ita ta huta. Haka nake gaya wa kaina har yau. Na juya shafin.

"To?" in ji Malam.

"Ban gan ta ba, Malam."

Saude ta kalle ni. Ba harara ba ce. Kallon mamaki ne, irin na wanda ya taka matakalar da ya saba takawa ya ji babu.

"Tana ciki, Malam," in ji ta. "Wallahi tana ciki. Ta sake dubawa."

"Alƙali ta yi hukunci. Mai ƙirƙirar kalma a Safana maki biyu ake cire mata. A nan kuma daga farko take komawa. Ko ki cire hannu, Mahfuza na jira."

Ba ta cire ba. Ta koma daga farko. Ta kira kalmar, haƙora a kan leɓe, haƙoran suna haɗuwa. Ta sake ma'anar. Ta sake biyun nan. Wajen ta ukun ta tsaya, ta daɗe, hawaye na bin gefen hancinta ba ta da hannun sharewa. Sarah ta motsa baki za ta raɗa mata, Malam ya nuna ta da alli. Sai Saude ta ce, "Arctic."

"Uku. Jumla."

Ta yi jumla biyu. Ta biyun cewa ta yi, da Turanci, hannuwana sun daskare. Malam ya tafa, ya ce wannan ita ce jumla mai rai. Ta zaro hannuwan. Ba su lanƙwashe ba, ta riƙe su a gabanta kamar ba nata ba.

"Kun gani?" in ji Malam, yana murna da gaske. "Wannan yarinya har ta mutu ba za ta manta kalmar nan ba. Kujerarki na nan, Saude. Ga ladanki." Ya ɗebi ruwan bahon da kofi ya kwarara mata a ƙeya, ta cikin hijabi, har ya gangara baya. Ya ƙara wani. A zafin nan kyauta ce, kowa ya sani. 'Yan aji suka yi caa, "Malam ni ma! Malam ni ma!" Aka yi wawar gutsattsarin ƙanƙara, ana jefa wa juna a riga. Saude ta yi murmushi, don in ba ta yi ba za a tambaya.

Ta dawo benci ta zauna a jiƙe. Saura darasi biyu, ta zauna duka, alƙalami na faɗuwa daga hannunta tana ɗauka.

A hanyar gida ciwon ya taso mata. Mun kusa tasha, sai ta zauna a dakalin wani shagon mai faci, ta ce, "Mahfuza, tsaya." Sai ta duƙunƙune. Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan kukan ba, ba da ƙarfi ba, ta cikin haƙora, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Na taɓa hannunta ta yi ƙara ta ce kada in taɓa. Mai facin ne ya tsayar da ɗan acaba, na hau bayanta na tallafe ta har asibiti, sannan na ruga na kira Gwaggo Amariya.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allura. Nas ɗin, wata babbar mace mai tabarau, tana ganin idonta ta gane. Ta tambayi me ya faru, Saude ta ƙi magana, sai ni na ce ƙanƙara ce a makaranta. Nas ta ajiye abin da ke hannunta.

"Mai sikila? Aka sa ma hannu a ƙanƙara? Wane marar hankalin ne?"

A gaban mutane ta faɗa, ɗakin cike da masu jinya. Gwaggo Amariya ta rufe fuska da mayafi. Ba ciwon ne ya sa ta rufe ba, sunan da aka kira ne. Kafin gari ya waye zancen ya riga mu zuwa makaranta.

Laraba Malam Sharhabilu ya shigo aji ba ko sallama. An kira shi ofishin firinsifal tun da safe. Ya tsaya a gaban allo, kalmar jiya tana nan ba a goge ba.

"Yarinya ta so ta jefa ni cikin masifa," in ji shi. "Tana ɗauke da ciwo ta ɓoye, ta zo ta tsaya a gabana tana murmushi. Da a hanyar Safana ta faɗi fa? Da ta mutu a bahon nan fa, wa za a kama? Ni, mai 'ya'ya huɗu. Wannan ba jarumta ba ce, mugunta ce." Ya bi mu da kallo. "Wa ya sani a cikinku?"

Kowa ta sunkuyar da kai.

"Mahfuza. Benci ɗaya kuke."

Na miƙe. Abin mamaki, muryata ba ta yi rawa ba. "Ban sani ba, Malam."

"Na yarda da ke. Ke ba ki iya ƙarya ba. Ki shirya, ke za ki Safana."

Wata ta ce, "Ashe shi ya sa take sa safa." Wata ta ce ita dama ta lura da idon. Wata ta tambaya ko ana ɗauka in an sha ruwa a kofi ɗaya. Sarah ce kaɗai ta ce su rufe wa mutane baki.

Alhamis muna ofishin malamai mu uku muna bita, sai ga wani dattijo ya yi sallama, dogo, siriri, ƙurar hanya har gemu, da ƙullin buhu a hannu. Ban taɓa ganinsa ba amma goshin Saude ne sak. Ya cire takalmi tun daga baranda. Ya tambayi wane ne Malam Sharhabilu, da aka nuna masa sai ya durƙusa. Ya girmi Malam da shekara ashirin ko fi.

"Ranka shi daɗe, ni ne uban ɗiyar nan. Na zo ban haƙuri."

Malam ya gyara zama. Ina jin ya shirya wa faɗa ne, sai ya ga ba faɗan.

"Laihinmu ne, Malam. Mu munka ɓoye. An ce har manya sun kira ka saboda ita. Don Allah ka yahe mata, ƙuruciya ce. Ga ɗan wake, ba yawa, a ba yara."

"Ai da kun faɗa tun farko, Baba. Mu nan ilimi muke bayarwa, ba asibiti ba ne."

"Gaskiya ne. Gaskiya ne, Malam."

"Yarinyar tana da kai, ban hana ba. Amma irin wannan, gida ya fi mata."

"Haka ni ma ni ce. Da an sallame ta za mu tahi."

Malam ya karɓi waken ya tura ƙarƙashin tebur da ƙafa. Dattijon ya yi ta godiya, ya fita da baya da baya. Malam ya juyo gare mu ya ce, "Ina muka tsaya?"

Asabar da sassafe muka tafi a ƙaramar bas, don a je a dawo da rana tsaka, ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan saboda 'yan bindiga. Shingen jami'an tsaro uku muka wuce. A Safana an jera kujerun roba a wani zaure mai rufin kwano, janareto na ruri a waje, lasifika na ƙara yana yankewa. Makarantu shida. Da aka zo kanmu mai gabatarwa ya duba takarda, an ja layi a kan suna ɗaya an rubuta wani a sama da jan biro. Ya kira Fatimatuzzahra, ya kira Sarah, ya kira Mahfuza Jamaluddeen. Ya fito da ƙarfi, har masu sayar da rake a bakin titi sun ji. Babana bai ma san ana gasar ba, yana Katsina wajen aiki.

Tambaya huɗu aka yi mini. Na amsa biyu. Ɗaya na san amsar amma murya ta ƙi fita har aka buga ƙararrawa. Ɗayar ban sani ba, kuma na san wadda ta sani. Muka zo na uku. Aka ba makaranta bokitin roba da agogon bango, mu kuma kowacce littattafan rubutu shida. A mota Malam ya ce ba laifi, amma da an samu mai ƙwarin zuciya a kujera ta uku da mun zo na biyu. Fatimatuzzahra ta yi barci a kafaɗata.

Lahadi da hantsi na ji an sallami Saude. Na ɗauki littattafan nan shida na sa a leda, na ce zan kai mata. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Na shirya shi iri uku, a kowanne akwai wurin da nake cewa shafin ne ya manne da wani.

A ƙofar gidan Gwaggo Amariya akwai mashin, an riga an ɗaure akwatin ƙarfe da katifa a bayansa da igiyar roba. Na shiga zaure. Tsakar gida cike da mata, maƙwabta sun zo sallama, takalma birjik a bakin ɗaki. Ba wadda ta juyo. Na tsaya jikin bango inda labulen buhu ya kare ni, ina hango cikin ɗakin ta gefe.

Saude na zaune a tabarma an jingina ta da filo. Ta ƙara ramewa. Hannuwanta na kan cinyarta, a kumbure, bayan ɗaya da filasta inda aka sa ruwa. Gwaggo na ba ta koko a baki da cokali, tana magana da matan.

"Shekara biyu ina rufa asiri, shekara biyu! Ko maigidan nan bai san sunan abin ba. Yanzu ko mai faci a tasha ya sani. Jiya a wajen niƙa wata ke tambayata wai ƙannen nata ma haka suke? Ni me zan ce?"

"Sai haƙuri, Amariya."

"Ita ta jawo. An ce ki sa hannu, ba sai ki ce ba ki iyawa ba? Safana ɗin me? Aljanna ce?"

Baban yana tsugune a bakin ƙofa, hula a gwiwa. "Bari, Amariya. Ya wuce. Malamin ma mutumin kirki ne, ya ce ya yahe."

"Baba," in ji Saude. Muryar ta dushe, sai da na matsa. "Da ban daɗe haka ba. Na gama tun farko. Kalmar tana ciki."

"Wace kalma kuma?"

"Wadda na faɗa. Suka ce babu. Tana ciki, Baba, na sha ganinta. Can ƙasa, gefen hagu, kusa da inda shafin ya ɗan yage."

"Ji ta!" in ji Gwaggo. "Ke da kalmarki! Buɗe baki."

"Mahfuza ce ta duba," in ji Saude, ta kauce wa cokalin. "Ba ta kuskure a ƙamus. Ban san yadda aka yi ba. Ina ta tunani, ko wani ya yage shafin ne."

"Wace ce Mahfuza?" wata tsohuwa ta tambaya.

"Ƙawarta," in ji Gwaggo. "Yarinyar kirki, ita ta kai ta asibiti. Ba don ita ba da a titi za a tsince ta. Na zata ma za ta leƙo kafin su tafi."

"Za ta zo," in ji Saude. "In ta zo ku ce ta sake dubawa. Ta gaya ma Malam kawai, ya san ban ƙirƙira ba."

Baban ya miƙe, ya sa hula. "Rana na yi. A ɗauko ta mu kama hanya."

Matan suka fara miƙewa, ana neman takalma, wata na cewa a kawo zane a lulluɓe ta saboda iskar mashin. Kafin ta farko ta iso labulen na ja da baya, na bi ta zaure a kan yatsun ƙafa, ledar a ƙirjina don kada ta yi ƙara. Na ratsa ta gefen mashin ɗin, na shiga lungun masu gyaran rediyo, inda ba wanda ya san ni.